Fentin da Mijin Yayata Ya Kawo

Mijin yayata bai taɓa riƙe wata sana'a da hannunsa ba, amma babu sana'ar da bai iya ba da bakinsa. In ana hirar rijiya, shi ya san inda ruwa yake. In ana hirar shanu, shi zai gaya wa Bafulatani abin da ke damun saniyarsa. Alhaji muke ce masa, don wani ɗan siyasa ya taɓa ba shi kujerar Makka, ya je ya dawo da haƙori mai walƙiya da labarin da har yau bai gama bayarwa ba.

Da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, sai ya wayi gari ɗan kwangila. Ya sayi baƙar jaka yana zirga-zirga tsakanin Kaura da Gusau, ko da yake ban taɓa ganin bulo ɗaya na kwangilarsa ba. Da Shari'a ta zo kuma, sai ya jingine jakar, ya saki gemu, ya kai wandunansa wurin tela aka rage masu tsawo, ya sayi turaren mai yana shafawa har sai an ji shi kafin a gan shi. Ni ba ni da rigima da gemu, mahaifinmu ma da gemunsa ya koma ga Allah. Abin da ya riƙa ci mani rai shi ne, mutumin da a da sai yayata ta gaji da tashinsa kafin ya yi asuba, shi ne yanzu ke tsayawa bakin rumfata yana tambayata ko na yi walaha.

Ni mai fentin mota ne. Rumfata tana bayan tasha, ta wajen da ake hango tsofaffin taragun jirgin ƙasa. A shekarun nan aiki ya yi mana yawa. Da farko motocin haya aka riƙa sake wa launi saboda sabuwar jiha. Daga baya direbobin manyan motoci suka riƙa zuwa a goge masu hotunan da ke bayan motocinsu, na 'yan mata da na 'yan dambe, a zana furanni ko a bar wurin fili. Kayan aikina ba su da yawa: injin iska, da tiyo, da bindigar feshi. Bindigar kuwa ta maigidana ce wanda ya koya mani aiki a Gusau, ranar da ya sallame ni ya miƙo mani ita. Da jin sautinta kawai nakan san ko fenti ya yi kauri ko ya yi ruwa. Maƙwabcina a rumfar fanal bita ne, mutumin Ɗan Isa, shi ke buga jikin mota ya miƙar, ni in fesa. Ba shi da yawan magana, rediyonsa ne ke yi masa.

Wata safiya cikin bazara sai ga Alhaji a bayan ɗan kabu-kabu, motocin bas biyu na biye da shi suna tari.

"Ƙanena," in ji shi, "yau na kawo maka arziki har gida."

Motocin na wani attajirin Zurmi ne, dillalin shanu. Ya sayo su daga Kudu don su riƙa ɗaukar mata zalla tsakanin Zurmi da Kaura da Shinkafi, tun da mutane sun daina son ganin mata na cuɗanya da maza a mota. Niyyar mutumin mai kyau ce. Kuskurensa ɗaya, ya zauna kusa da Alhaji a wurin wani ɗaurin aure. Kafin a raba goro, Alhaji ya gaya masa yana da kamfanin fenti a Kaura, da ma'aikata. Kamfanin ni ne, ma'aikatan ma ni ne.

Ruwan Kudu ya cinye motocin, tsatsa ta ko'ina. Na ce sai an kankare su har ƙarfe, a shimfiɗa faraima, wato fentin farko da ke kama ƙarfe kafin a zo ga launi. Alhaji ya yi murmushi, ya sa aka sauke wasu manyan gwangwanaye daga cikin motar. Wani ɗan kasuwa mai bi ta Nijar ne ya sayar masa. Rubutun jikinsu babu wanda ya iya karantawa a cikinmu, a bayan kowanne kuma Alhaji ya manna hotonsa, irin wanda 'yan takara ke mannawa a bango, shi da sabon gemunsa.

"Wanga sunanshi ifoksi," ya ce. "Ba irin jan faraimar nan taku ba ne. Da shi ake fentin jirgin ruwa."

"Ka taɓa ganin ana fentin jirgin ruwa?"

"A Jidda, da idona."

"To yaya ake haɗa shi?"

"Awa kowane fenti mana. Ka zuba tina, ka motsa, ka fesa. Sai na koya maka aikinka?"

Da don ta shi ne, da na ce ya kwashe kayansa. Amma yayata ta riga ta aiko mani tun jiya cewa in yi haƙuri in karɓa, ko Allah zai sa wannan karon ya kama wani abu. Ita ta goye ni ina ƙarami. Na karɓa.

Ni da maƙwabcina muka kankare motocin, ya toshe ramukan, ya miƙar da inda ya lotsa. Ranar da na buɗe gwangwanin farko, na zuba tinar da na saba narkar da fenti da ita, na motsa, na cika kofin bindiga. Ina matsa kunama sai bindigar ta fara tari tana tofar da gudaji-gudaji. Na kwance ta, na wanke bakin, na zura allura a ɗan ramin murfin da iska ke shiga, na ɗaure komai tamau, na tace fentin da ƙyallen mayafi. Ta sake tofarwa.

Alhaji na zaune a kan bencina yana jan carbi. "Bindigar taka ta tsuhwa," in ji shi. "Wanga fenti na zamani ne, bai saba da tarkace ba."

Ban kula shi ba. Na ɗebi fentin kaɗan a gwangwanin madara, na ɗiga masa tina ina kallo. Nan take ya tsinke kamar nonon da ya kwana. Ashe ba laifin bindiga ba ne, tinar ce ba sa shiri da shi. Na je shagon fenti na karɓo wata mai ƙarfi da ake kawowa daga Kano, na gwada a gwangwanin madara, ta narkar da shi sumul. Alhaji ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan.

Washegari na fesa gefen mota ɗaya da rana tsaka. Fentin ya fita lafiya, amma da na shafa bayan yatsana sai na ji shi kamar bangon da aka yaɓe da yashi. Zafin bazara ne ke busar da shi a iska tun kafin ya isa jikin ƙarfe. Wannan na san maganinsa. Na rage iska, na ƙara buɗe wa fenti hanya, na matso da hannuna kusa, na kuma mayar da aikin sassafe, daga an fito masallaci zuwa rana ta fara cizo. Ya kwanta luf.

Sai kuma wata ta ɓullo. Fentin ya riƙa gudu daga wasu wurare yana barin ƙananan ramuka kamar zanzana. Kowane mai feshi ya san in ya ga haka, to ko ruwa ne ko maiƙo. Damina ta kusa, iska ta fara nauyi, don haka na kwance ƙasan tankin injin. Ruwa ya zubo jawur da tsatsa. Na busar da tiyo, na goge wuraren, na sake fesawa. Yawancin ramukan suka ɓace, amma ƙofar direba da gaban motar suka ƙi. Kullum wuri ɗaya, daidai ƙirjin mutum. In wanke da sabulu, in goge da tina, in bar shi ya sha iska, washegari in fesa, zanzana ta dawo.

Maƙwabcina ne ya rage muryar rediyonsa ya ce, "In ka tahi cin abinci, surukin naka yakan kawo baƙi."

Ranar ban je ko'ina ba, na zauna bayan wata tsohuwar mota ina kallo. Sai ga shi da wasu mutum uku masu manyan riguna. Ya tsaya gaban motar yana bubbuga ta da tafin hannu kamar mai tallar doki. Ya jingina da ƙofar direba. Sannan ya zaro hankicinsa, wanda ya jiƙe sharkaf da turare, ya goge ƙarfen da shi don baƙin su ga yadda yake sheƙi.

Da suka tafi na ce, "Alhaji, turarenka ne ke kashe mani aiki."

Ya dube ni kamar na zagi alƙibla. "Turare sunna ne, ƙanena."

"A jikinka sunna ne. A jikin ƙarfe maiƙo ne."

Na samo igiya na kewaye motocin. Daga baya na ji yana gaya wa mutane shi ya ba da umarnin a sa igiyar, haka ake yi a manyan kamfanoni.

A ƙarshe dai na rufe mota ta farko da faraimar nan, toka-toka, sumul, babu yashi babu rami. Na yi hamdala, na ce gobe sai gogewa da samfefa, takardar yashi, sannan launi. Gobe ta yi, na taɓa, ya kama yatsana. Na ce wataƙila irinsa yana da nawa. Jibi ma haka. Kwanaki suka yi ta tafiya, rana na dukansa tun safe har yamma, amma fentin nan yana nan danƙo kamar ƙaro. Ƙudaje suka riƙa sauka suna maƙalewa. Gashin kaji da ɓawon gyaɗa da duk abin da iska ta kwaso daga tasha suka manne a jiki. Motar ta koma kamar tarkon tsuntsu. Direbobi na wucewa suna tambayata ko sabon yayi ne.

Nan fa Alhaji ya samu abin yi. Ya zagaya motar hannu a baya, ya girgiza kai.

"Akwai hannu cikin abin ga," ya ce, yana satar kallon maƙwabcina.

Da farko ya ce kiɗan rediyo ne ke korar albarka. Maƙwabcina ya kashe rediyon, fenti bai bushe ba. Sai ya ce hassada ce, akwai waɗanda ba su so a ce shi ya samo aikin. Washegari ya zo da ruwan rubutu a gora, ya tsallake igiyar da ya ce shi ya sa a ɗaura, ya yayyafa wa ɗanyen fenti. Yana yi yana ɗaga murya cewa Allah ya tona asirin mai wannan aiki, ko da kuwa a rumfa ɗaya ake kwana da shi.

Maƙwabcina ya ajiye gudumarsa a hankali. Tun da muke ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar.

"Alhaji," ya ce, "ni ƙarhe nake bugu tun ina saurayi. Kada ka sa in sake abin bugu."

Alhaji ya tuna yana da taro, ya tari kabu-kabu.

Bayan tafiyarsa na zauna da gwangwanin a cinyata ina jujjuya shi. Haushin hoton nan nasa ya kama ni, yana yi mani murmushi da haƙorinsa, sai na sa farce na ɓare shi. A ƙarƙashinsa akwai ɗan zane: babban gwangwani, ƙaramin gwangwani, da alamar haɗawa a tsakaninsu. Ƙasa kuma kofi huɗu a gefen babban, kofi ɗaya a gefen ƙaramin. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai gane. Fentin nan biyu ne, ni kuwa rabi nake ta fesawa.

Na same shi a ƙofar gidansa da yamma, ya shimfiɗa darduma yana ba wasu labarin Jidda.

"Alhaji, da ka sayi gwangwanayen nan, ba a haɗo ka da wasu ƙanana ba?"

"Ƙananan? Ai gyara ce aka yi mani. Mutumin ya ga girmana."

"Suna ina?"

"Na ba kahintan da ke yi mani kujeru a Shinkahi. Na ce ya shahwa wa katako, ya yi ƙyalli."

Na tsaya ina kallonsa. Ko gezau bai yi ba. Da na yi masa bayani, abin da ya ce kawai shi ne, ai da na tambaye shi tun farko.

Ranar kasuwar Shinkafi na shiga mota. Alhaji ya ce ba zai samu zuwa ba, ana nemansa a Gusau. Tun daga Badarawa hanya ta cika da masu kora dabbobi da amalanken gero, muka yi ta rarrafe. Kafintan dattijo ne, na same shi yana fiƙe ƙafar kujera. Ina ambaton sunan Alhaji ya ajiye abin hannunsa, ya kama hannuna ya kai ni bayan shago. Wani benci ne a jingine, jikinsa duk gashin akuya da dusar katako.

"Ka ga wanga? Tun randa na shahwa mai abin surukinka bai bushe ba. Wani baƙo ya zauna a kai, sai da muka ɓamɓare shi, rigar ta tsaya nan. Ni na ɗauka ya ba ni ne don ya gama da ni."

Muka yi dariya har da hawaye, ni da mutumin da ban taɓa gani ba. Shi yana da rabin da ba ya bushewa, ni ina da ɗaya rabin. Gwangwani ɗaya kawai ya buɗe. Ya zuba mani sauran a buhu, ya ce in gaishe da Alhaji, in kuma gaya masa an daɗe da gama kujerunsa.

Kafin in yi amfani da su sai da na cire duk abin da na fesa a motar farko. Wannan aiki ba na so in tuna shi. Danƙo ne ba ya kankaruwa, sai dai a jiƙa tsumma da tina a yi ta dirza. Fatar hannuna ta saɓule, kaina ya riƙa sarawa, abinci ma ɗanɗanon tina yake yi mani. Maƙwabcina ya ajiye nasa aikin ya kama mani. Alhaji kuwa duk tsawon kwanakin nan taron Gusau bai ƙare ba. Ranar da ƙarfe ya fito fes, ranar aka tashi taron.

Ban sake yarda in taɓa mota kai tsaye ba. Na jawo wata tsohuwar ƙofa daga cikin tarkace, na auna yadda zanen ya nuna, na motsa sosai, na bar shi ya ɗan zauna, na fesa. Da safe na zo na sa farce, bai shiga ba. Na sa ƙusa na ja, da kyar ta bar alama. Gaskiya ban taɓa ganin faraima irinta ba, ta kama ƙarfen kamar tare aka ƙera su. Duk haushin da nake ji sai da na ce ma sha Allahu.

Akwai kuma abin da na lura da shi. Ragowar da na bari a gwangwanin madara ta ɗauki ɗumi da kanta, kafin la'asar ta zama dutse. Wato da zarar an haɗa su biyun, ba sa jiran kowa, balle a zafin bazara. Na kira Alhaji, a gaban maƙwabcina, na miƙa masa gwangwanin.

"Ka ga wannan? Kaɗan-kaɗan ake haɗawa, iya abin da za a fesa nan take. Ana gamawa a wanke bindiga. In ya kwana ciki, ko ya wuni, shi ke nan."

"Na sani," in ji shi. "Haka suke yi a Jidda."

Haka na bi motar farko, kofi-kofi, da sassafe. Na ɗora mata kore da fari. Ta fito kamar ba ita ce ta zo tana tari ba. Har daga cikin tasha ake zuwa kallo, Alhaji na tsaye yana karɓar barka.

Saura ta biyu. Na gama shirya ta, na ce gobe in fesa, sai aka aiko cewa kawun matata ya rasu a Kasuwar Daji. Muka tafi tun da asuba. Rumfata ba ta da ƙofa, kayan aikina a akwatin ƙarfe nake kulle su, makullin kuma yana rataye a wata ƙusa da ni da maƙwabcina kawai muka sani. Ashe mai yawan zama a benci yana da ido.

Abin da ya faru a bayana, maƙwabcina ne ya ba ni labari. Da hantsi attajirin Zurmi ya turo ƙannensa biyu su ga inda aka kwana. Suka tarar da Alhaji, suka tambayi ina mai feshin. Ya ce ai wannan yaronsa ne kawai, in aiki ya kai na ƙwararru shi da kansa yake yi. Ya tuɓe babbar riga, ya ɗauko makulli, ya buɗe akwati. Maƙwabcina ya ce masa ya bari in dawo. Alhaji ya ce masa ya ji da gudumarsa. Ya samo babban bokiti, ya juye duk faraimar da ta rage, ya juye duk ƙananan gwangwanayen a kai, yana gaya wa baƙin cewa wannan kofi-kofin da nake yi aikin masu ƙaramar zuciya ne. Ya motsa da sanda, ya cika bindigata, ya tayar da inji. Ya manna bakin bindigar a jikin mota ya danne kunama bai motsa hannu ba, fenti ya taru ya riƙa gangarowa. Ya ce masu haka ake so, ya ƙoshi.

Bai kai ga rabin ƙofa ba aka ɗauke wuta. Inji ya tsaya. Maƙwabcina ya ce masa to ya zubar da na bindigar ya wanke ta. Ya ce in wuta ta dawo zai ci gaba, a bar komai yadda yake. Ya jefa bindigar cikin akwati, ya kulle, ya sa makullin a aljihu don kada mahassada su taɓa. Ya mayar da babbar rigarsa, ya ja baƙin zuwa wurin mai tsire, daga can masallaci, daga can kuma gaishe-gaishe.

Na dawo bayan la'asar. Bokitin na fara gani a tsakiyar rumfa, sandar motsawa a tsaye cikinsa ƙiƙam. Na kama sandar na ɗaga, bokitin ya biyo ta. Gindinsa har lokacin da zafi. Ƙofar motar kuwa kamar an narkar da kyandir a kanta. Maƙwabcina ya ɗauko guduma ya fasa kwaɗon akwatin. Na ɗauki bindigar. Kunamar ba ta motsi. Murfin kofin ba ya buɗuwa. Na jiƙa ta cikin tina, na gwada zafi, na gwada filaya, har allurar ciki ta karye. Fentin da na yaba jiya-jiya ya yi aikinsa yadda ya kamata, ya kama ƙarfe ba saki. Na zauna a ƙasa da ita a hannu. Maigidan da ya ba ni ita ya riga ya rasu. Na je jana'iza da safe ban yi kuka ba, sai ga ni ina share ido a kan bindigar feshi.

Sai ga Alhaji yana sakace haƙori.

"Wutar ta dawo?" ya ce.

Na miƙa masa bindigar. Ya jujjuya ta, ya gwada kunamar, ya leƙa bokitin, ya taɓa sandar da ƙafa. Na zuba ido in ga ko sau ɗaya a rayuwarsa zai ce ya yi kuskure.

"Ikon Allah," ya ce. "Ƙaddara ce, ƙanena. Ko ba ka yarda da ƙaddara ba?"

"Na yarda da ita. Har na san kamanninta. Da kabu-kabu take zuwa, tana ƙamshin turare."

"Kai yaro ne, ba ka san abin da kake hwaɗi ba. Dama bindigar ta tsuhwa, na gaya maka tun ranar hwarko. Kuma laihin masu wuta ne."

Maƙwabcina ya shiga tsakaninmu, don ya ga na miƙe. Ban taɓa shi ba. Na dai ce ya fita mani daga rumfa. Ya fita yana cewa zamani ya lalace, ƙanin mata na ɗaga wa mijin yayarsa murya.

Mota ta biyu da aron bindiga na gama ta, daga wani abokin aikina a Gusau. Na kankare kyandir ɗin Alhaji da kyar, na shimfiɗa jan faraimar da na saba, tun da ta jirgin ruwa ta ƙare a bokiti. Attajirin ya zo da kansa ya karɓi motocinsa, ya yi godiya, ya riƙe hannun Alhaji ya daɗe yana sa masa albarka. Ni ya ɗaga mani hannu daga nesa, kamar yadda ake yi wa yaron kamfani. Motocin suka hau hanya, mata suka ji daɗinsu ƙwarai, har matata ta sha shiga zuwa Zurmi. Bayan 'yan shekaru, mota ta biyun ta fara fitar da tsatsa ta ƙasan ƙofofi, ta farkon kuwa ko ɗigo. Alhaji ya riƙa nuna wa mutane su biyun a tasha, yana cewa marar tsatsar ita ce ya tsaya a kanta da kansa, mai tsatsar kuwa ita ce ya bar wa yaro.

Mutane sun ce in kai shi gaban alƙali, ga kotuna sababbi, ga shaida. Na yi niyya. Kafin nan na je wurin yayata, lokacin da na san ba ya gida. Na same ta tana tankaɗe. Na zayyana mata komai tun daga tina har bokiti. Ba ta daina tankaɗen ba har na gama.

"Yaya," na ce, "ke yaya kike zaune da mutumin nan duk shekarun nan?"

Ta buga rariya a tafin hannunta, ta dube ni.

"Ni ban taɓa ba shi komai ya riƙe mani ba," ta ce. "Ko ludayi. In ya shigo, tabarma nake shimhiɗa mai nesa da murhu, in ba shi ruwa, in bar shi ya yi ta magana. Ba ya cizo in ba ka bar abu kusa da shi ba. Ka bar zancen alƙali, auta. 'Ya'yanshi 'ya'yanka ne, kuma su za a riƙa nunawa."

Na bar zancen. Na sayi sabuwar bindiga, ba ta kai waccan ba, amma mun saba. Shi kuwa ko wata bai cika ba ya dawo rumfar da sallamarsa, kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Na amsa, don amsa sallama dole ce. Sannan na ɗauki bencin na kai shi can gindin wata bishiyar darbejiya a tsallaken hanya, na ajiye masa ruwa a kofi, na ce nan ya fi iska. Tun daga ranar can yake zama in ya zo. Yana gaya wa mutane ofishinsa ne, wai ma'aikatansa ne suka ware masa don kada warin fenti ya dame shi.